Madubin Anti a Layin Sojojin Ruwa

Ranar da sakamakon jarrabawar lissafin nan ya fito ina cikin bas, mun baro cikin garin Greensboro za mu unguwarmu Glenwood. Kwas ɗin da ya taɓa kayar da ni ne, ya ci mini semesta biyu yana gasa mini aya a hannu. Na buɗe waya na ga na haye, kuma ba hayewar da ƙyar ba, cinye shi na yi tas. Kafin mu kai tasha ta gaba na tura wa duniya saƙo: Mama a Kano, yayyena, 'yan ajinmu, har da wata da muka yi wata uku muna gaba. Ni dama babban yatsana ba ya jiran ƙwaƙwalwata ta gama shawara. A satin nan ko a tafiya ji nake kamar ƙasa tana ɗan ɗaga ni.

Abu ɗaya ya rage mini, awannin aikin sa kai da makaranta ta ce sai kowa ya cike. Masu wayo sun riga sun kwashe na rabon abinci da na laburare. Ni da na zo a makare, abin da na tarar shi ne ɗaukar hoton duwatsun kaburbura. Wai mutane ne daga garuruwa masu nisa suke rubutowa suna neman hoton dutsen kakansu ko na kawunsu, sai mu je mu ɗauko mu tura musu. Na ce ba damuwa, hoto ai sana'ata ce. Mama dai ban gaya mata ba. A gidanmu mace ba ta zuwa makabarta, ni ko ƙofarta ban taɓa leƙawa ba. Muna yara ma cewa ake yi in ka nuna kabari da yatsa sai ka ciji yatsunka goma, in ba haka ba wani abu zai faru. Ga ni yanzu ina nuna musu waya daga safe har azahar. Ranar farko, wallahi, sai da na faki ido na ɗan ciji babban yatsana.

Amma akwai abin da ban yarda na yi ba ko sau ɗaya, shi ne taka kabari. Su a nan ciyawa ce shimfiɗe kamar kafet, ba tudu ba alama, mutane suna bi ta kai hankali kwance. Ni kuwa sai na auna da ido inda mutum zai kwanta, na zagaye, na tsaya daga gefe, na miƙa hannu na jawo hoton da zum. Shi ya sa duk hotunana a karkace suke, kamar duwatsun suna yi mini kallon gefen ido. Ba wanda ya yi ƙorafi, ana iya karanta sunan, shi ke nan.

Maƙwabciyata a Glenwood wata Anti ce 'yar Filato, ƙofarta tana kallon tawa. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, ranar Lahadi kuma ita ce gaba-gaba a mawaƙan cocinsu. Tun da na tare take kirana Hajiya Ƙarama. Da ta ji aikin da nake yi sai da ta yi dariya har ta dafa bango, ta ce yau ga 'yar Kano ta zama mai gadin kushewa. Bayan kwana biyu kuma ta ƙwanƙwasa mini ƙofa ba dariya a fuskarta. Ta ce akwai wata tsohuwa da take kula da ita a East Greensboro, wadda take kira Mama, tana son ganina.

Gidan ƙarami ne, da lilo a baranda, ko'ina ya yi rawaya da garin furen bishiyoyi na wannan lokacin, wanda yake rufe motoci har a yi rubutu da yatsa a kansu. Tsohuwar baƙar fata ce 'yar asalin garin, ta doshi casa'in, tana zaune a keken guragu kusa da taga. Idonta ɗaya ya riga ya tafi. Ɗayan ma likita ya ce yana rufewa, saura makonni, ba wani aiki da za a iya yi. Abin da take iya gani yanzu sai abu babba, baƙi wuluk a kan fari fat.

Ta ba ni labarin a hankali, tana tsayawa tana kallon taga. Yayanta ne, sojan ruwa, yana aikin kicin a wani jirgin yaƙi lokacin yaƙin duniya na biyu. Ita lokacin ba ta fi ta shiga aji ɗaya ba. Abin da ta riƙe nasa kaɗan ne: yana ɗora ta a wuya su je kallon jirgin ƙasa, kuma kansa yana ƙamshin man gashi. An yi artabu a wani teku mai nisa, aka harbi jirginsu. Daga baya aka kafa masa dutse a sashen sojoji na wata makabarta a gefen gari. Shekara da shekaru tana zuwa, har ƙafa ta ƙi. Wurin a gangare yake, keke ba ya shiga. Ba ta nemi a kai ta ba. So take ta ƙara ganin sunan a jikin dutsen sau ɗaya, da idonta, kafin ya rufe.

Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne, gobe-goben nan. Har da ɗaga mata babban yatsa, na manta ba ta gani.

Washegari na je da tsakar rana, ina tafe ina waƙa ƙasa-ƙasa don har lokacin murnar lissafi ba ta sake ni ba. Sashen sojojin yana can ƙarshe. Fararen duwatsu a jere, duk tsayinsu ɗaya, suna hawa tudu suna sauka. Ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma gajimare ya rufe rabi, amma da na tsaya a saman gangaren iska tana kwantar da ciyawa layi-layi, sai na ji kamar haka abin yake. Har wani jiri-jiri mai daɗi ya ɗan ɗebe ni.

Layin da nake nema yana ƙasa, gindin wasu manyan bishiyoyi. Ina isa na ga abin da ya tsayar da ni. Duwatsun wannan wurin a matse suke, na gaba da na baya tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Babba ba zai kwanta a nan ba. Zuciyata ta ce yara ne. Na yi tsaye ina tausayinsu, har na fara tunanin wace irin annoba ce ta kwashe 'ya'yan sojoji haka. Da na ga alamar sojan ruwa a jikin kowane dutse kuma sai na canza shawara, na ce to a tsaye aka binne su, ƙila haka al'adar sojoji take. Ko ma dai yaya ne, babu wurin sa ƙafa. Duk inda na auna, kan wani ne. Dutsen yayan Mama, tsohuwar nan, kuma yana tsakiya, na shida daga bakin hanya. Na tsaya a kan kwalta na ja zum har ƙarshe, na zuba hotuna sun fi talatin cikin minti ɗaya, na kama hanya ina jin na gama aiki.

Da yamma muka je gidan tsohuwar da Anti. Na tura mafi kyau a babbar wayar Mama mai faɗin faranti, na ƙure hasken, na riƙe mata dab da fuska. Ta daɗe tana kallo. Ta juya kai hagu, ta juya dama, tana neman ɗan gefen idon da ya rage. Sannan ta ce, a hankali, “'Yata, fari kawai nake gani.”

Na kalli hoton da kyau a karon farko. Gaskiyarta. Farin dutse, farin rubutu, ruwan sama na shekaru ya cinye bakin haruffan, ga shi a karkace, ga dishi-dishin zum. Ni ma da idona biyu sai na ƙanƙance su nake karantawa. Ta ce ba komai, na yi ƙoƙari, Allah ya yi mini albarka. Wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo. A mota Anti ta tambaye ni daga ina na tsaya na ɗauka. Na gaya mata. Ta ce jibi ba ta da aikin safe, tare za mu koma.

Mun isa wajen ƙarfe tara. Anti ta wuce gaba fakam-fakam ta kan ciyawa har gaban dutsen, ni ina bakin kwalta ina ce mata ta bi a hankali. Ta duba rubutun, ta buɗe jaka ta ciro hodarta mai ruwan ƙasa, wai za ta shafa a cikin haruffan su fito. Ba ta kai ga buɗewa ba muka ji an kashe injin yankan ciyawa a bayanmu. Wani dattijo ne mai kula da wurin, da hular rana da safar hannu. Cikin ladabi ya ce kada a sa wa dutsen komai, ba hoda, ba alli, ba gari, duk suna shiga su ci shi. Ruwa zalla kawai aka yarda. Ya ce wannan layin fuskarsa ba ta samun rana ta gefe, shi ya sa kowa yake shan wahalarsa. Masu aikin da suka ƙware madubi suke kawowa, dogo, mutum ɗaya ya tsaya can inda rana take ya karkato hasken ya shafi fuskar dutsen ta gefe, sai inuwa ta kwanta a cikin kowane harafi. Mai ɗaukar hoton kuma dole ya durƙusa a gaban dutsen daidai, ido da ido.

Sai ya juyo ya ga inda na maƙale, ya tambaya ko ƙafata ce take ciwo. Anti ta riga ni amsawa, ta ce a garinmu ba a taka kabari. Na ce masa kuma ban ga yadda za a yi mutum ya bi ta nan ba, tunda a tsaye aka binne su. Dattijon bai yi dariya ba. Ya cire safar hannu ɗaya ya nuna mini layin farko na rubutun da ke saman kowane dutse, wanda ban taɓa tsayawa na karanta ba saboda sauri. Don tunawa da wane, haka aka rubuta. Ya ce babu kowa a ƙarƙashin wannan layin. Duk waɗanda teku ya riƙe ne. Wasu jirgi ɗaya suka nutse, wasu daban-daban. Sunayen ne kawai aka kawo gida.

Na tsaya ina kallon ciyawar. Na tuna kakana da aka binne ina 'yar shekara tara. Yayana ya ce wani ɗan gwangwani aka kafa masa da suna, damina uku ta cinye shi, yanzu ko shi sai dai ya ce wajen nan ne. Amma Kaka yana nan a wajen nan ɗin. Waɗannan kuwa ga suna an sassaƙa, ana yanke masa ciyawa duk sati, masu sunan suna can ƙarƙashin wani ruwa da ko a taswira ban san inda zan sa yatsa ba. Sai na ga kamar ina hango su, samari sa'annina, wasu ma ƙannena, suna kwance a wuri mai shuɗi da shiru, haske yana saukowa musu daga sama a tsinke-tsinke.

Anti ce ta katse ni. Ta ce na bar mafarkin tsaye, rana ba za ta jira mu ba. Muka koma Glenwood a guje, ta ciro dogon madubin da ke bayan ƙofar banɗakinta, muka kwantar da kujerar baya muka zura shi, ni na zauna a gefe na rungume shi kamar mara lafiya. Duk hanya ina kallon bishiyoyi da wayoyin lantarki suna gudu a cikinsa ta baibai.

A makabartar mu biyu muka ɗauke shi, ita gaba ni baya, fuskarsa tana sama. Sararin sama guda muka ɗauko muna ratsa duwatsu da shi, da gajimarensa, har da wani tsuntsu da ya gifta ta tsakanin hannuwana. Wata mata da ta kawo fure ta tsaya tana kallonmu har muka wuce. Anti ta fara zuba wa dutsen ruwan gora, garin rawayan ya gangaro, sannan ta koma can gefe inda inuwar bishiya ta ƙare, ta kafa gindin madubin a kan takalminta ta fara juya shi. Wani faffaɗan haske ya tashi yana yawo a kan duwatsun, yana rawa, yana tsallake wannan ya faɗa kan wancan, irin wanda ruwan bokiti yake jefawa a silin in rana ta same shi.

Ni kuwa ina bakin kwalta. Na ji bayanin dattijo, na gane, kaina ya yarda. Ƙafata ce ta ce ita ba a yi da ita ba. Na ɗaga ta ta dawo. Na sake ɗagawa ta dawo.

“Hajiya Ƙarama, hannuna zai cire fa.”

“Anti, ina zuwa.”

“Kina zuwa ina? Tun ɗazu kike zuwa. An ce miki ba kowa a gidan, sallamar me kike jira a amsa?”

“To ai ko gidan da ba kowa ba a faɗa masa haka kawai.”

“Ki yi sallamar ki shiga. Ga hadari can yana tahowa, kuma idon matar nan ba zai jira ki gama ibada ba.”

Na waiga, da gaske wani gajimare mai kauri ya taso. Ban san dalili ba, sai na cire takalmina na ajiye a bakin kwalta. Na yi bisimilla, na yi sallama ƙasa-ƙasa, ban san wa nake yi wa ba. Na taka. Ciyawar da sanyi, da laushi fiye da yadda na zata, har na ji kamar za ta buɗe na nutse zuwa gwiwa. Ba ta buɗe ba. Taku ɗaya, biyu, na wuce dutse biyar ina ba kowanne haƙuri a zuci, na durƙusa a gaban na shida. Gwiwoyina suka jiƙe da ruwan da Anti ta zuba.

Na ce ta ɗan yi ƙasa. Ta yi ƙasa da yawa. Na ce sama kaɗan, hagu, a'a hagunta. Ta ce in na ƙara ce mata hagu za ta sakar mini shi a ka. Sai kawai hasken ya zo ya kwanta a fuskar dutsen ta gefe, haruffan suka taso. Wallahi kamar daga ƙarƙashin ruwa suke fitowa, ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe, kowanne da bakinsa mai kaifi kamar jiya aka sassaƙa. Sunansa, muƙaminsa, shekarar haihuwa da ta rasuwa. Na yi lissafin da ba na so, goma sha tara. Na girme shi da shekara biyu.

Na riƙe numfashi na daidaita wayar. Guda huɗu na ɗauka. Ina ɗaukar na huɗun gajimaren ya rufe rana, haruffan suka koma ciki, dutsen ya dawo fari kamar ba a yi ba. Anti ta kwantar da madubin a ciyawa ta zauna kusa da shi tana yarfe hannu, tana cewa ita da madubin nan sun gama zumunci.

Ba mu koma gida ba, kai tsaye muka wuce wurin Mama da madubin a mota da laka a gwiwata. Anti ta ja labule ta rufe don kada hasken taga ya dame ta. Na zaɓi hoto na biyu na tura a babbar wayarta, na mayar da shi baƙi da fari, na ƙara masa duhu, na buɗe shi har harafi ɗaya ya cika fuskar wayar gaba ɗaya. Na riƙe mata.

Ta juya kai tana nema. Ta tsaya. Leɓenta ya motsa, ta faɗi harafin farko. Na ja hoton a hankali zuwa na biyu. Ta ce na yi sauri, na koma. Na koma. Haka muka bi sunan, tana faɗa ina ja, wani harafin sai ta yi kusan minti tana kallonsa kafin ta sake shi. Anti tana tsaye a bayan keken ta harɗe hannu, ba ta ko motsi. Da muka kai ƙarshe Mama ta ce na rage shi ta ga ko za ta iya ganinsa gaba ɗaya. Na rage kaɗan-kaɗan har ta ce tsaya. Sunan farko ne kawai ya shiga, amma ya shiga duka.

Ta ɗago hannu ta sa yatsa a kan harafin farko za ta shafa, hoton ya zame ya gudu, wani hoton jikokinta ya fito. Ta janye hannun da sauri kamar ta yi ɓarna. Na ce ta ba ni daƙiƙa biyu. Na dawo da shi, na shiga saitin na kulle fuskar yadda ko an taɓa ba za ta motsa ba, na hana ta mutuwa da kanta, na jona caji, na ɗora mata a kan filo a cinya. Na kama yatsan nata na mayar da shi inda yake.

Ta bi harafin daga sama zuwa ƙasa. Bai gudu ba. Ta kira shi da wani suna gajere, ba wanda ke jikin dutsen ba, irin wanda ake kiran mutum da shi a tsakar gida. Sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Ku bar labulen haka tukuna.”

Anti ta taɓa kafaɗata, muka shige kicin muka ja ƙofar, ba mu rufe ta duka ba. Ta ɗora ruwan shayi a ƙaramar wuta. Daga inda nake zaune ina jin ɗan ƙaran yatsan Mama a kan gilashin, yana tafiya, yana tsayawa, yana komawa farko.